Ci Ka Hwaɗa Mani

Laraba, 3 ga Agusta, 1960

Mun iso Sakkwato da la'asar. Jirgin ƙasa daga Kano zuwa Gusau, daga nan babbar mota, mu da buhunan gishiri. Baba ya jure hanya. Ni ne ma na fi shi raki.

Gidansu na Ƙofar Dundaye da yake ba ni labari, babu shi. Wani maƙeri muka tarar a wurin, ko sunan kakana bai taɓa ji ba. Baba ya daɗe a tsaye, ya jingina da kafaɗata, yana duban bangon da ba nasu ba. Daga ƙarshe muka nemi gidan Alhaji Maccido mai yadi a Ƙofar Taramniya, ɗan amininsa na ƙuruciya. Aminin ya rasu tuntuni, amma matarsa na nan, Inna Balaraba, tsohuwa tukuf. Ta fito har zaure ta ƙura masa ido, ta ce, "Mode, sai yanzu?" Aka share mana shigifa.

Shekara arba'in da 'yan kai rabonsa da garin nan, tun da ya bi fatake. Ya ce a kawo shi gida, na kawo shi. Ni kuwa ban san kowa ba, ban san ko'ina ba, Hausarsu ma sai na kasa kunne. A makarantarmu ta Bichi ni ne Malam Lawan. Nan kowa Lawali, sunan da Baba kaɗai ke kirana da shi.

An kawo tuwon shinkafa da miyar taushe. Ya sa yatsa a miya ya lasa. Iyakar abincinsa ke nan.

Juma'a, 5 ga Agusta

Asibiti. Likitan Ba'indiye ne, siriri, ba ya ɗaga murya. Ya haska maƙogwaron Baba da fitila, ya daɗe yana shafa wuyansa. Tafinta ya ja ni gefe ya ce wani tsiro ne a ciki, ya tare hanyar abinci, kuma ƙara girma yake yi. Aiki sai Badun. Na ce to in an kai shi Badun fa? Likita bai jira fassara ba, ya juya tafin hannunsa sama. Ya ce a ba shi duk abin da ransa ke so, in dai zai wuce.

In dai zai wuce.

A hanya Baba ya tambaye ni abin da aka ce. Na ce an ce a riƙa ba shi abu mai ruwa-ruwa. Ya ce, "Lawali, na yi ciniki da Indiyawa a Ikko. Na san yadda suka juya hannu in kaya ya lalace."

Litinin, 8 ga Agusta

Kunun tsamiya, kunun gyaɗa, koko, dawo (haka suke ce wa fura) da aka tace da ƙyalle. Inna Balaraba ba ta gajiya. Kurɓin farko ya wuce, na biyu ya tsaya, na uku ya dawo da 'yan uwansa. Aikina riƙe kasko.

Ni ma abinci ya fita raina. Ta yaya zan yi tauna a gabansa? Sai in ɓuya a zaure in tura loma kamar ɓarawo.

Alhamis, 11 ga Agusta

Da safe ya ce eko yake so, irin wanda ya ci a Ilori. Ban ma san mene ne ba. Alhaji ya ce agidi ne, in tafi bayan tasha in tambayi Yarabawa. "Garin ga ba wanda babu," in ji shi. "Yarabawa, Ibo, Buzaye, Kwarori, mutanen Ghana, har waɗanda sunka dawo daga Sudan. Kowa da tukunyatai."

Ni da ban taɓa cin abincin kasuwa ba, balle na wata ƙabila. Mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta, ta hana ni tun ina ƙarami, na tashi a haka.

Na ɓata kafin in ga tashar. Duk wanda na tambaya sai ya ce, "Bakano na ko?" sannan ya nuna hanya da leɓe. Rumfar tana bayan wani garejin gyaran mota, hayaƙi da ƙanshin manja sun cika ta. Mai abincin Iya Sikira ake ce mata, ƙatuwar mace mai tsaga a kumatu. Ta nuna mini benci, na ce sauri nake. Da na faɗa mata ciwon, ta ajiye ludayi. Ta ce kada in ɗauki jar miya, ta zuba mini koriya mai yauƙi. Ewedu, ta ce. Lalo ne, na gane shi, amma da wata 'yar guntuwar tsintsiya suke kaɗa shi.

Baba da kansa ya kwance ganyen da aka naɗe ekon. Ya daɗe yana shinshina ganyen kafin ya taɓa abincin. Ya gutsuri kamar ƙwayar wake, ya tsoma, ya sa a baki. Muka zuba masa ido, ni da Inna Balaraba. Ya wuce. Ya ƙara, ya wuce. Yauƙin ne ke tafiya da shi.

Da ya gaji ya turo mini kwanon. "Ci ka hwaɗa mani."

Na ci don kada in ɓata masa. Na ce kamar koko ne da ya daskare. Ya girgiza kai, ya ce malamin makaranta guda, abin da zai iya faɗi ke nan.

Asabar, 13 ga Agusta

Yau ma ya wuce. Ban gaya wa kowa abin da na fara sa wa raina ba.

Talata, 16 ga Agusta

Ya dawo da shi duka, har da jini kaɗan. Na wanke kaskon kafin Inna Balaraba ta gani. Ina jin ta gani.

Lahadi, 21 ga Agusta

Shayin Buzaye yake so, da cuku. Na tafi wajen da ake sauke raƙuma, na sami wani dattijon Buzu yana hura gawayi. Na miƙa masa kwano na ce ya zuba mini in kai wa mara lafiya. Ya dube ni ta saman amawali kamar na yi saɓo. Ya ce shayi ba ya zuwa wurin mutum a kwano. Na ɗauka ya ƙi ne, na juya. Sai na ji shi a bayana da 'yar butarsa da mangal da finjalai a cikin zane.

A zaure ya kafa wutarsa. Baba ya fito da rarrafe, ya yi masa wata magana, Buzun ya ɗago da sauri. Buzanci! Ban taɓa sanin Baba na jin Buzanci ba. Suka yi ta ambaton rijiyoyi da sunayen mutanen Agadas, ni ina zaune kamar kurma.

Ya kurɓi shayin ya riƙe a baki, ya daɗe, sannan ya juya ya tofar a kasko. Buzun ya ja amawalinsa sama, ya mai da ido kan gawayi kamar bai gani ba. Ya sake cika masa finjali.

Cukun kuwa ni aka ba. Busasshe ƙamas. Na ce kamar ƙirgi ne da ya kwana a cikin ƙwaryar nono. Baba ya yi dariya har ya ƙware, sai da na riƙe shi.

Ina ɗan shekara shida ya tafi Gabas, ya dawo ina Midil. Mahaifiyata ta yi dakau ta yi wankau ta riƙe ni. Ban taɓa tambayarsa inda ya je ba, ko sau ɗaya. A raina hukuncin da na yi masa ke nan. Yau na ga ni na cuci kaina, ko kuwa... ban sani ba.

Laraba, 24 ga Agusta

Yau dokunu yake so, tuwon masara na mutanen Kumasi. Na wuni ina nema. Wannan ya tura ni wurin wancan, daga ƙarshe aka ce matar da ke yi ta koma ƙasarsu tun kafin damina. Ruwa ya kama ni a wani lungu da ban san sunansa ba, takalmina ɗaya ya tsinke a cikin taɓo. Na sayi burodin Ƙonni a hannun wani direba, dogo kamar sanda, don kada in koma hannu rabbana. Mun jiƙa shi a madara. Bai wuce ba.

Baba ya ce ba komai, dokunun ma da ma tsami gare shi. Shi ke lallashina.

Litinin, 29 ga Agusta

An aiko daga Bichi, hedimasta na tambayar yaushe zan koma aji. Matata Binta ta ce yara lafiya, ƙaramin ya fara tafiya. Na ce a ce ina nan tafe. Yaushe? Wace rana zan sa, in ba ranar da nake gudu ba?

Asabar, 3 ga Satumba

Mauludi. Gari ya cika da yabon Annabi, kowane gida hayaƙi. Akussa sai shigowa suke daga maƙwabta, tuwo da nama, masa, shinkafa. Na so in rufe ƙofar shigifa don kada ƙanshi ya dame shi, ya ce in bar ta. Har ya sa na jera akussan a gabansa na buɗe. Ya riƙa nunawa yana cewa wannan mai miyar ta cika daddawa, wannan amarya ce, ba ta iya tuƙi ba tukuna. Da hanci kawai. Inna Balaraba ta ce duk ya faɗa daidai.

Tun da muka zo harshensa ya koma na nan gaba ɗaya. Kanancin da ya yi shekaru yana yi ya zube kamar ba a taɓa yi ba.

Ƙafafunsa sun zama kara.

Alhamis, 8 ga Satumba

Ya kwana biyu yana ambaton ful da kisra na Sudan. Alhaji ya ce akwai wata Hajja Zainaba a Gawon Nama, a can aka haife ta kan hanyar Makka, sai da ta girma iyayen mijinta suka dawo da su. Na je. Ta yi mini magana ta bayan asabari, Hausarta duk Larabci a ciki. Ta ce a ina tsohon ya zauna? Na ce ban sani ba. Kunya ta kama ni. Na koma gida na tambayo, na sake dawowa. Wad Madani, gonakin auduga. Ta ce can uwarta ke kwance.

Ta ce in dawo bayan azahar. Na tarar ta yi kisra, sirara kamar takarda, da wake irin nasu manya da aka dafa har ya narke, an zuba masa man riɗi. Ta ƙara da kunun hulba da madara, ta ce shi ake ba wanda ba shi da ƙarfi. Na fara laluben aljihu, ta ce in ban so mu ɓata ba in fitar da hannuna.

Baba bai ko buɗe ba ya ce, "Hulba." Ya lasa kaɗan a cokali. Sai labari ya ɓalle. Shekarun da ya yi yana tsinkar auduga don ya sami na jirgin ruwa. Abokin tafiyarsa Gidaɗo, ɗan Wurno, da suka taka tun daga Barno tare, ya rasu a Sawakin ana gobe za su ƙetare. Irin waken nan suka ci a kwano ɗaya da safen. Baba ya binne shi, ya shiga jirgi shi kaɗai, ya yi masa ɗawafi.

Ban san yadda aka yi ba na ji bakina ya ce, "Kun tuna da mu a can?"

Ya dube ni. Ya ce, "Ci abincinka, shina hucewa."

Na ci. Waken na da daɗi, abin haushin ke nan. Na ce masa yana da laushi kamar alala, amma man riɗin na barin wani ɗaci-ɗaci a bayan harshe. Ya ce, "Yanzu kaf fara."

Asabar, 10 ga Satumba

Ina yi masa alwala ya ce, ba tare da ya dube ni ba, duk abin da ya ci a hanya mai daɗi sai ya ce da Lawali na nan. Ban sani ba ko gaskiya ne, ko tausayina ya ji.

Talata, 13 ga Satumba

Ruwa ma yanzu da ƙyar. Ya ce wuyan kamar an cusa garwashi. Na koma asibiti ni kaɗai. Likita ya ba da wani maganin rage zafi, ɗigo-ɗigo a harshe, ya ce in ana samun ƙanƙara a ba shi ya tsotsa. Na kusa yin dariya. Ƙanƙara a Sakkwato, a watan nan? Tafinta ya ce sai kulob ɗin Turawa, ko wurin Kwarori, Larabawan nan masu kantuna.

Na tsaya a ƙofar asibiti ban san gabas ba ban san yamma ba.

Alhamis, 15 ga Satumba

Kwaran da Alhaji ya kwatanta mini Yusufu sunansa, mai sayen fata da gyaɗa. Na yi ta kai da kawowa a gaban kantin na kasa shiga. Roƙo bai taɓa kama ni ba. Shi ya leƙo ya ce, "Malam, mi kaka so?" Sakkwatancinsa ya fi nawa nesa ba kusa ba.

Na faɗa masa a tsaitsaye. Ya shiga da ni ta baya, ya buɗe wani farin akwati mai aiki da kananzir, firji. Sanyi ya bugi fuskata. Ya fasa ƙanƙarar a kwanon sha, ya nuna mini yadda zan binne kwanon a ƙaiƙayi in naɗe da buhun algarara. Ya ce nasa uban ya rasu a kan dutsen ƙasarsu, sai da aka yi wata da watanni labari ya iske shi nan. Ya ce in zo kullum, kada in tsaya sallama. Matarsa ta ƙara mini da wani kindirmo mai kauri da aka tsiyaye wa ruwa, da man zaitun a kai, da 'ya'yan zaitun ɗin.

Na tuƙa keken Alhaji kamar ana bi na.

Baba ya ɗauki ɗan gutsure, ya juya shi a yatsa, ya ce ya sha ganinta a Ikko da Jidda a gaban masu hali, amma duk yawonsa bai taɓa sa ta baki ba. Ya ɗora a harshe ya rufe ido. Ruwa ya biyo gefen gemunsa. Can ya ce, "Kamar wani ya shaƙe ka tun bara, yau yas sassauta hannu."

Ya yi barci da rana, karo na farko.

Lahadi, 18 ga Satumba

Yanzu ba ya ko ɗanɗanawa. Ƙanƙara kawai. Amma bai daina aikena ba. Ni ke ci, shi ke saurare.

Zaitun: gishiri da ɗaci, na kusa tofarwa, sai daga baya baki ya nemi wani. Amala a wurin Iya Sikira: baƙi, santsi, ba a taunawa. Jiya wurin wata matar Ibo ya tura ni. Na yi ta tambayar wa ya yanka, wa ya yanka, har ta gaji ta ce to ga kifi, shi ma sai an yanka? Miyar shuwaka ce da busasshen kifi, da teba. Yaji ya sa ni hawaye a gaban mutane. Da na ba shi labari ya ce a Anaca, can ƙasar Ibo, ya ci irinta, a bakin kogi, har ya faɗi kalar kwanon.

Na lura tun a hanya nake shirya abin da zan faɗa masa, kamar darasin da sufeto zai zo gani.

Na ga fuskata a madubin kantin Alhaji. Ban rame ba. Ubana na ƙarewa, ni ina yawon rumfuna. Wace irin jinya ce wannan?

Juma'a, 23 ga Satumba

Murya ta tafi, sai raɗa. Dole in kai kunnena bakinsa.

Gari kuwa ba zancen da ake sai mulkin kai. Kantin Alhaji ya cika da masu neman yadi kore da fari, kalar sabuwar tuta, teloli ba sa ɗaga kai. 'Yan makaranta na koyon maci a fili, ina jin gangarsu daga shigifa. Ajina na Bichi ma haka suke yi yanzu, ban san wa ke koya musu ba.

Baba ya ce yana yaro Nasara suka shigo garin nan, a kan katanga ya hango su. Ya ce in Allah ya so zai ji fitarsu ko bai gani ba.

Laraba, 28 ga Satumba

Na ɗauke shi don a gyara shimfiɗa. Ɗana na fari ya fi shi nauyi.

Asabar, 1 ga Oktoba

Yusufu ya gaya mini tun jiya kanti ba zai buɗe ba, in same shi a gida, can wajen unguwar Turawa. Ya fi nisa sosai. Na fita da hantsi. Baba na numfashi da baki a buɗe, leɓensa ya tsattsage. Na ce masa yanzu zan dawo. Ya ɗaga yatsa.

Na samu. Matar ta cika kwanon fiye da kullum, ta ƙara buhu.

A dawowa na tarar an tare babbar hanya. 'Yan doka sun ja igiya, 'yan makaranta na wucewa layi-layi da 'yan tutoci, badujala a gaba, mutane maƙil har kan katangu. Na sauka daga keke na roƙi wani ɗan doka. Na ce mara lafiya gare ni, ƙanƙara ce a nan, narkewa take. Ya dubi buhun, ya dube ni. Ba mugu ba ne. Ya ce, "Malam, yau ko ni ban iya ƙetarawa. Yi haƙuri su wuce."

Ba su da ƙarshe. Makaranta bayan makaranta. Rana ta take. Buhun ya fara yin duhu daga ƙasa, ruwa na ɗiga a kan ƙafata. Kowa na tafi, wata mata kusa da ni na guɗa, wani ya dafa ni yana cewa mun samu, mun samu. Na ce masa eh.

Na juya na shiga lungu in zagaya. Lungun ya kai ni wani, wancan ya ƙare a bangon gida. Na koma. Na tambayi wata tsohuwa Ƙofar Taramniya, ta ce ai na ba ta baya. Wata biyu a garin nan, na san rumfar kowace ƙabila, amma hanyar gida ta gagare ni yau. Na bar tuƙi na rungume buhun da hannu ɗaya ina jan keke da ɗaya, rigata ta jiƙe sharkaf.

Da na iso na kwance, abin da ya rage bai fi ƙwallon dabino ba, yana yawo a cikin ruwa. Inna Balaraba ta karɓi kwanon. Ta tsamo shi ta ɗora masa a harshe, ta tsoma auduga a ruwan tana shafa masa a leɓe. Ya buɗe ido ya dube ni, ya dubi rigata.

Na ce, "Baba, sun fita. An sa tutarmu." Ban sani ba ko ya ji.

An aiko da shinkafa da naman biki daga gidan mai unguwa. Tana nan a rufe.

Lahadi, 2 ga Oktoba

Baba ya cika bayan azahar, kansa a cinyata. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. An kai shi kafin magariba, kusa da inda aka ce iyayensa suke.

Alhamis, 6 ga Oktoba

Masu gaisuwa, yawanci don Alhaji suke zuwa, ba su san mamacin ba. Iya Sikira ta zo, ban san wa ya gaya mata ba. Ba ta shigo ba, ta durƙusa daga nesa da zaure, ta ajiye ƙunshin eko ta tafi. Na ba yaran gida.

Na mayar wa Yusufu kwanonsa. Yana hango ni ya juya ya buɗe firjin. Na ce a'a. Ya tsaya da murfin a hannu, sanyin na fita. Sannan ya rufe a hankali, ya jawo mini kujera. Na zauna.

Ba na cin komai sai kunun da Inna ke tsare ni in sha.

Lahadi, 9 ga Oktoba

Sadakar bakwai. Alhaji ya ce in zauna har arba'in, na ce aji na jira. Na ɗaure kayan Baba: buzu, tasbaha, wata tsohuwar buta ta jan ƙarfe. Inna ta roƙi tasbahar, na ba ta.

Alhamis, 13 ga Oktoba

Na fita da kayana da safe zan bi motar Gusau. Na yi sallama da kowa, Inna har ta sa mini albarka.

Motar ba ta cika ba, aka ce a jira. Ina zaune kan buhu sai wani ƙanshi ya taso daga bayan rumfar teloli, wanda ban sani ba. Na ce bari in ga ko mene ne, gani kawai. Wasu teloli ne 'yan Senegal, baƙaƙe dogaye, sun kewaye faranti ɗaya. Shinkafa ja wur, da kifi a tsakiya, da kabewa da rogo da gauta, da wata 'yar tsamiya a gefe. Babbansu ya matsa ya ce bisimilla. Ba wanda ya aike ni. Na wanke hannu.

Ban san haka yunwa ta tara a cikina ba. Wanda ke kusa da ni ya riƙa gutsuro kifi yana turowa gabana, haka al'adarsu take. Ƙanzon ma rabawa suka yi, aka ba ni babban. Na tambayi sunan abincin, suka faɗa, na maimaita, suka yi dariya, na sake. Na ji kaina ina dariya ni ma, kwana goma sha ɗaya da binne ubana. Allah ya yafe mini.

Da na koma motar ta tashi.

Akwai wata gobe, kullum akwai. Inna ta ga na shigo da kaya ba ta tambaya ba, ta ce shigifar ba a ko rufe ta ba. Da yamma na tambayi Alhaji ko makarantun En'e na nan suna neman malamai, da yadda hayar gida take ga mai iyali. Tambaya kawai na yi.

Telolin sun ce ranar Asabar da gyaɗa suke yin miya.